Zuwa Ga Wakilan Abuja A Majalisar Tarayya, Daga 'Yan Hayar Gwagwa

Mai girma Sanata mai wakiltar Babban Birnin Tarayya,
Masu girma 'yan Majalisar Wakilai na mazaɓar AMAC (ƙaramar hukumar birnin Abuja) da Bwari, da na mazaɓar Abaji, Gwagwalada, Kuje da Kwali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, muna fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku. Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni malamin firamare ne a wata makarantar kuɗi, shekarata 11 a Abuja, ina zaune a Gwagwa da maiɗakina da yara huɗu. Ba ni da muƙami a wata ƙungiya, ban taɓa neman ko kansila ba. Yadda aka yi alƙalami ya faɗo hannuna shi ne, gidan da muke haya ƙofa 14 ce, kuma duk takardar da ta shigo gidan, ta asibiti ce ko ta wuta, ni ake miƙo wa in karanta. Makon jiya aka zura wa kowa takardar ƙarin kuɗin haya ta ƙarƙashin ƙofa. Muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida bayan isha'i, aka yi ta magana har baki ya bushe. Can sai dattijon cikinmu ya ce, "Malam, tunda kai ke karanta wadda ta shigo, kai za ka rubuta wadda za ta fita."

To da yawun waɗannan ƙofofi 14 nake magana. A cikinmu akwai direban Keke Napep, da tela, da mai gadi a Maitama, da ma'aikaciyar jinya, da wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu uku tana suyar ƙosai a bakin titi. Akwai wasu Inyamurai biyu wa da ƙani masu shagon kayan gini a kasuwar Dei-Dei, da wata 'yar Tibi mai girki a otel a Wuse. Masallaci da coci sun raba mu, kwano ɗaya ke zubo mana ruwa. Na kuma tabbata abin da zan faɗa, mutanen Karmo da Jiwa da Dutsen Alhaji da Mpape da Nyanya da Lugbe za su ce kamar a ɗakinsu na kwana.

Dalilin da ya sa muka nufo ku kai tsaye, Abuja ba ta da gwamna, ba ta da majalisar dokokin jiha. Sashe na 299 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa Majalisar Tarayya yi wa birnin nan doka. Ɗan haya a Kano ko Jos yana da majalisar jiharsa da zai kai wa kuka. Mu ku ne majalisar jiharmu, ku ukun nan ne kuma ƙuri'armu ta kai can.

Zan fara da kuɗin, don shi ne ya tayar da mu. Ciki da falo nake haya. Na shiga a 2021 a kan naira 250,000. A 2023 aka mai da shi 300,000, a 2024 ya koma 420,000. Takardar makon jiya ta ce 700,000, a biya kafin ƙarshen wata mai kamawa, wanda bai iya ba ya ba da makulli. Ku ne kuka amince da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024. A shekara ya kama 840,000. Idan mai wannan albashi ya biya hayar ɗaki irin nawa, abin da zai rage masa bai kai 12,000 a wata ba, a ciki zai ci, ya hau mota, ya sayi magani, ya biya kuɗin makaranta. Malaman makarantun kuɗi da masu gadi da masu shara kuwa da yawanmu ko wannan 70,000 ɗin a rediyo muke jin ta.

Abin da ya fi yawan kuɗin ciwo shi ne yadda ake karɓarsu. Albashi wata-wata yake zuwa, mai Keke kullum yake samu, amma haya dunƙule ake so, ta shekara guda, sabon shiga ma wani wurin ta shekara biyu. Ina talaka zai ga dubu ɗari bakwai a zube? Sai a shiga adashi tun watan da aka biya ta bana. Sai a buga waya gida a ce a sayar da tumaki. Sai ɗan kunnen auren mace ya tafi kasuwa. Telan gidanmu bara keken ɗinkinsa na biyu ya sayar, wanda yaronsa ke aiki da shi, ya biya haya, yaron ya koma zaman banza. Wasu kuma sukan faɗa hannun masu ba da bashi ta waya, waɗanda in ka yi jinkirin kwana uku za su aika wa surukinka da limaminku saƙo cewa kai macuci ne.

Mun san abin da masu gidaje za su ce, ba kuma ƙarya suka yi ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira, kuɗin siminti da rodi da kwano sun haura sama. Akwai tsohon ma'aikaci da ya zuba garatutinsa a ɗaki huɗu, da su yake ci. Akwai gwauruwar da hayar nan ce gonarta. Akwai kuma 'yan haya marasa tsoron Allah da ke shekara biyu ba su biya ba, in za su tashi su ɓalle famfo su tafi da shi. Ba mu zo kare irin waɗannan ba. Tambayarmu guda ce: simintin da ya yi tsada, a ina aka zuba shi? Gidanmu tun da na shige shi ba a kawo ko buhu ɗaya ba. Fentin da na tarar shi ne har yau, sai dai abin da damina ta rage.

Wannan ya kawo ni maganar gyara, kuma a nan zan roƙi ku ɗan yi haƙuri da ni.

Wani daren Alhamis cikin Yulin bara, wajen ƙarfe biyu, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ɗakinmu yana yoyo a wuri biyar, mun san su sarai, kowanne da mazubinsa: bokitin wanka a bakin ƙofa, roba biyu a falo, tukunyar tuwo a kan akwati, kwanon sha kusa da soket. A daren nan na shida ya ɓullo, daidai kan katifar yara. Na haska tocila na ga silin ya sha ruwa ya yi tumbi yana lilo. Ina janye autarmu yana ɓarkewa, ruwa da ƙura da kashin ɓera suka zubo a inda kanta yake. Takardun jarrabawar ɗalibaina 38 da na zo da su gida in duba suna kan tebur, kafin in tuna da su tawada ta gudu, sunan yaro ma ba ya karantuwa. Muka ƙarasa daren a zaune a kan buhun shinkafa da kujera ɗaya, yara na gyangyaɗi a jikin uwarsu.

Da gari ya waye na kira kiyateka, wato wakilin mai gida da ke kula da gidan. Ya ce, "Malam, a yi haƙuri, Alhaji ya yi tafiya, in ya dawo zan sanar da shi." Ranku ya daɗe, Alhajin nan shekara huɗu ke nan yana tafiya. Ban taɓa ganinsa ba, ban san cikakken sunansa ba, lambar asusun da muke tura kuɗi ma ba tasa ba ce. Bahaushe ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Abuja mai ɗakin bai san ko ɗakin na da rufi ba.

Na gaji da jira na je Dei-Dei na sayo fallen kwano uku da ƙusa da silin biyu, na kira kafinta, duka ya ci mini 46,000. Kafin in taɓa komai sai da na sake kiran kiyateka, ya ce, "Ka yi kawai, za a cire maka in lokacin biya ya yi." Lokacin biya ya yi, na kawo rasit ɗin kayan. Ya juya shi gaba da baya ya ce, "Wa ya sa ka? Akwai takarda?" Babu takarda. Magana ce ta waya tsakanin Musulmi biyu.

Na bohol ya fi wannan ban takaici. Samo, wato injin da ke jawo ruwa daga bohol, ya ƙone, muka yi wata huɗu muna sayen ruwa wurin mai ruwa, kura-kura, har kuɗin ruwan wata ya so ya kamo na abinci. Madatsar Usuma tana nan a Bwari tana shayar da cikin gari, mu bututunta bai san hanyar layinmu ba. Da tura ta kai bango, ma'aikaciyar jinyar nan ta ɗauki littafi ta bi ƙofa-ƙofa, kowa 12,000, mai ƙosai ma sau uku ta biya nata. Muka sayi sabon samo muka sa. Yanzu ku ji dalilin da aka rubuta a takardar ƙarin makon jiya, layi na biyu: wai gidan yana da ruwa dare da rana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sokawe kuwa, wato ramin da ƙazantar ban ɗaki ke taruwa, ba zan ɓata muku rai da bayaninta ba. Ta cika tun kafin azumi, tana tsattsafowa ta bayan ɗakin marayun nan, nan ne kuma yara ke wasan 'yar gala-gala. Mu za mu sake haɗa kuɗin motar kwasa, mun sani.

Sai masu tsayawa tsakaninmu da mai gida. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma mai yiwuwa da masu gidajen nan za su ga yadda ake yi da sunansu, wasunsu da sun ji kunya. Mai neman ɗaki zai fara biyan kuɗin ganin gida, dubu biyar ko fiye, ko ɗakin ya yi masa ko bai yi ba, wani lokaci ma ɗakin da aka riga aka bayar za a nuna masa. In ya ce yana so, a unguwarmu sai a ɗora kashi 10 cikin 100 la'adar dillali, kashi 10 na lauya, kashi 10 na abin da suke kira koshan, wai ajiya ce saboda ɓarna. Ɗakin 700,000 ya zama 910,000 kafin a shimfiɗa tabarma. Lauyan ba wanda ya taɓa ganinsa, yarjejeniyar kuwa hoton wata tsohuwar takarda ce aka goge suna aka sa naka. Kuɗin koshan, a gida huɗun da na zauna, ban ga wanda aka mayar wa ba. Ranar tashi za a nemo ƙusar da ka buga ka rataye agogo a ce ta cinye.

Akwai wani abu a nan da nake so ku lura da shi, don shi ne gindin ƙarin da ba ya ƙarewa. Dillali ba ya samun komai a jikin tsohon ɗan haya mai biya lafiya. Ribarsa tana ga sabon shiga. Don haka shi ne zai je ya raɗa wa mai gida cewa, "Alhaji, ana cutarka, ɗaki irin naka a layin baya dubu ɗari bakwai ne, ina da mutum a hannu." In tsohon ya biya, mai gida ya ci riba. In ya kasa ya tashi, dillali ya ci la'ada. Daga nan sai mai gidan layin baya ya ji labari shi ma ya ƙara. Ba wanda ya yi rajistar dillalin nan, ba shi da ofis sai benci a gindin bishiya da waya biyu, amma shi ke yanka wa unguwa farashi.

Rasit ma sai an yi da gaske. Sabuwar dokar harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta ba ma'aikaci rangwame na kashi 20 cikin 100 na hayar da ya biya, har zuwa naira 500,000. Madalla. Amma da me zai nuna ya biya, alhali kuɗin asusun wani yaron kiyateka suka shiga, shaidarsa kuma saƙon waya ne? Wuta ma haka: mita ɗaya ga ƙofa 14, da bashin waɗanda suka tashi tun kafin mu zo, kowane ƙarshen wata sai an yi cacar baki a kan wa ke da firiza, wa ke guga da dare. Maƙwabtan da suka yi shekaru suna zaman lafiya, mita ta sa ba sa gaisawa.

Ba zan tsallake tambayoyin da ake yi wa mai neman ɗaki ba. Kai wane yare ne? Matanka nawa? Yara nawa? Mace in ba ta da aure, ko likita ce, sai ta aro wa ko kawu ya tsaya a matsayin miji. An taɓa ce mini a fuska ba a ba Bahaushe, wai muna tara baƙi. Na kuma san masu gidaje Hausawa da ke yi wa wasu irin wannan. A garin da aka gina don ya zama na kowa, wannan abin kunya ne ga dukkanmu.

Game da tashi kuwa, doka tana nan, sai dai ba ta zuwa Gwagwa. Dokar da kotunan Abuja ke aiki da ita, wadda lauyoyi ke kira Recovery of Premises Act, ta ce mai biyan shekara a ba shi notis na wata shida, mai biyan wata a ba shi wata guda, in dai yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba. Bayan nan a ba shi na kwana bakwai, sannan a tafi kotu, kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. A layinmu bara, wani magidanci ya tafi aiki, ya dawo ya tarar an cire ƙofar ɗakinsa an jingine ta a waje, matarsa mai jego tana ciki ta rataya zane. A wani gidan fallen kwano biyu aka ɗaye ana tsakiyar damina. Ba wanda ya je kotu. Kuɗin lauya ya fi abin da ake rigima a kai, mutum kuma in ya bar aiki kwana uku yana zaryar kotu, ya dawo ya tarar an ɗauki wani.

Ita kanta dokar gadon zamanin Turawa ce, sunanta ma ya nuna wanda aka yi ta dominsa: yadda mai gida zai karɓe gidansa. Ba ta ce komai a kan yawan ƙarin da za a yi ba, ba ta ce wa zai gyara rufi ba, ba ta san dillali ba, ba ta san koshan ba. Mai gidan da ba ya son jiran wata shida ba ya bukatar notis. Ya ninka kuɗi kawai, ƙarin ya yi masa aikin.

Ina mutanen ke tafiya? Ku dubi sawuna. Na fara da ɗaki ɗaya a ƙauyen Garki, ina zuwa aiki a ƙafa. Haya ta tura ni Ɗaki Biyu ta Jabi, daga can Karmo, daga Karmo Gwagwa. Kowane tashi baya nake ja, gari na yi mini nisa. Abin da ya rage a gabana Zuba ce, sai Madalla da Suleja, waɗannan biyun kuma jihar Neja ce. Ta ɗaya ɓangaren, wanda Nyanya ta kora Mararaba da Masaka yake faɗawa, jihar Nasarawa. Abin da aka rage a haya mota ke cinyewa: litar man da ba ta kai naira 200 ba a farkon 2023 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Mutum ya fito tun kafin asuba, ya koma bayan isha'i, 'ya'yansa sai ranar Lahadi suke ganin fuskarsa da rana, ga fargabar 'yan wan-cans, masu fashi da motar haya, a hanya. Yara kuma a cire su daga makaranta ana tsakiyar zango. A ajina kaɗai bana yara biyar suka ɓace haka, ba sallama, sai dai a ce sun tashi. Ku ma kuna da asara a ciki, don wanda ya koma Suleja ko Mararaba, gobe katin zaɓensa ma can zai bi shi.

Mai gadin nan da muke haya tare yakan ba mu labarin gidan da yake gadi a Maitama. Ɗaki tara, shekara shida ba wanda ya kwana a ciki, aikinsa ya kunna fitilun waje da magariba ya kashe da safe, ya ba furanni ruwa. Ya gama ya hau mota biyu ya dawo ɗakin da ya tara wa roba. Irin waɗannan gidaje a Asokoro da Guzape da Katampe kun fi mu saninsu, maƙwabtanku ne.

Mun kuma ga cewa idan hukuma ta so gano masu gidaje, tana ganowa. A Maris ɗin 2025 an soke takardun filaye sama da 4,000 a birnin nan saboda bashin harajin fili. Ƙananan hukumomi sun san ƙofar kowane shago ranar karɓar haraji. Ashe ba sani ne ya gagara ba.

Ga abin da muke roƙo.

Ku yi wa Abuja dokar haya tata. Ba daga sama za ku faro ba. A 2022 Sanata Smart Adeyemi na Kogi ta Yamma ya kawo ƙudurin rage kuɗin hayar da ake karɓa gaba ɗaya a Abuja, a koma biyan wata-wata bayan 'yan watannin farko. Ya tsallake karatu na biyu, majalisa ta tara ta ƙare a 2023 bai zama doka ba. Sanatan wata jiha ne ya tuna da mu, muna so wannan karon ya fito daga hannunku. Legas ta yi tata tun 2011 zamanin Gwamna Fashola: ta hana karɓar fiye da hayar shekara guda, ta wajabta ba da rasit, ta ba ɗan haya damar kai ƙarin da ya wuce hankali gaban kotu, ta sa tarar da za ta iya kai naira 250,000 ko ɗaurin da zai iya kai wata shida ga mai fitar da mutum da ƙarfi. 'Yan Legas za su gaya muku ana karya ta kullum. Duk da haka wanda aka zalunta a can yana da takardar da zai ɗaga.

A cikin dokar a ce ba ƙari sai da sanarwa a rubuce wata shida kafin haya ta ƙare, kada kuma a yi shi kowace shekara. A ba mai albashi da mai neman na yau damar biyan wata-wata ko wata uku-uku. A rubuta ɓaro-ɓaro cewa rufi da bango da sokawe da bohol da wayar wuta na mai gida ne, ƙwan fitila da kan famfo da abin da ɗan haya ya fasa nasa ne. In an sanar da mai gida a rubuce ya yi kwana 30 bai gyara ba, ɗan haya ya gyara ya cire a haya da rasit. Gyaran da 'yan haya suka yi da kuɗinsu kuma kada ya zama hujjar ƙara musu.

A tilasta kowace yarjejeniya ta ɗauki sunan mai gida na gaskiya da inda za a same shi. A yi wa dillalai da kiyateka rajista a ƙananan hukumomi shida na birnin nan, da kati da lamba, a ƙayyade la'ada, a soke kuɗin ganin gida. Kuɗin koshan a mayar cikin wata guda da tashi, in an cire wani abu a nuna lissafi.

Doka ba wurin kai ƙara kuwa ado ce. Muna jin akwai zauren sulhu a ƙarƙashin Babbar Kotun Abuja, amma a ƙofa 14 ɗin nan ni kaɗai na taɓa jin sunansa. A buɗe teburin sulhun haya a kowace sakatariya da manyan unguwanni, inda mutum zai je ba lauya, a saurare shi da Hausa ko Gwari ko Turancin buroka, a gama cikin mako biyu ko uku. A sa masu unguwa a ciki, don su ake fara tasa da dare idan an cire ƙofa. Wannan teburi zai amfani ƙaramin mai gida ma, wanda wani ya danne masa ɗaki shekara biyu yana jan shari'a. A kuma yi ta shela a rediyo har kowa ya san cewa cire ƙofa da ɗaye kwano laifi ne.

Ku kuma tambayi ɓangaren zartarwa a zaman kasafi: ina gidajen haya na gwamnati? Tun da aka sayar da gidajen ma'aikata zamanin Obasanjo, ƙaramin ma'aikaci ya koma hannun dillali. An aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana a Fabrairun 2024, muna murna, amma na sayarwa ne, mai ƙosai da mai Keke ba su da takardar albashin da banki zai duba. Ma'aikata ana yankar musu kashi biyu da rabi na asusun gidaje tun dokar 1992, da yawa sun yi ritaya a gidan haya. Abin da irinmu ke bukata ɗaki ɗaya ko biyu ne mai rufin kirki, kusa da tashoshin jirgin ƙasan da aka farfaɗo da shi a 2024, a riƙa biya wata-wata.

Roƙo guda kuma da dattijonmu ya ce lallai in sa, ko da zan manta sauran: kada amsar wannan takarda ta zo a kan katafila. Gidaje da yawa a unguwanninmu an gina su ne a filayen da aka saya hannun masu gari, ba su da takardar mallaka ta gwamnati, mun sani. Waɗanda suka ga rusau na shekarun 2003 zuwa 2007 suna cikinmu, sun san cewa in aka rushe gida mai gida na da wani, ɗan haya ne ke kwana a kan kayansa, hayar da ya biya ta bi ƙura, ɗakunan da suka tsira kuma su ƙara kuɗi washegari. Tsoron wannan ne ya sa mutane ke haɗiye kuka.

In za ku yi zaman jin ra'ayin jama'a, don Allah kada a yi shi a ɗakin taron otel ranar Talata da ƙarfe goma, lokacin da duk wanda abin ya shafa yana wurin aiki. Ku kawo shi filin makarantar firamare a Gwagwa ko Kubwa ko Nyanya ranar Asabar, ku gayyato masu gidaje da dillalai su ma su faɗi nasu a gabanmu.

Wa'adin takardarmu ƙarshen wata mai kamawa ne. Ƙofa uku sun fara ɗaure kaya, mai ƙosai ta je Madalla ganin ɗaki jiya, ta dawo ta ce can ma dillali ya karɓi dubu biyar ɗinta. In ɗayanku zai aiko ko da mataimaki ne, ya zo da damina, ya ajiye mota a bakin kwalta don ba za ta shiga ba, ya hau acaɓa. Za mu shimfiɗa masa tabarma a inda ba ya yoyo.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin firamare,
a madadin 'yan hayar ƙofa 14,
Gwagwa, Abuja.